Kafin ki sa almakashi: amsoshi kan ɗinka kwat ɗin mata da fatan na saye

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, tambayoyin da ke zo mini suka karkata kan kwat. Yawancinsu daga matan da hannunsu ya faɗa a ɗinkin riga da siket ne, suna da keke a ɗaki, sai suka ci karo da fatan ɗin nan na Turawa, wato takardun da aka zana sassan riga a kansu, ki shimfiɗa a kan yadi, ki bi layi ki yanka. Ga waɗanda na tsamo a wannan makon.

Wata malamar makaranta daga Zariya ta rubuto: "Anti, sannu da ƙoƙari. Ƙanwata da ke karatu a Ingila za ta aiko mini da fatan ɗin kwat na Butterick, ta ce in faɗa mata lamba. A kayan kanti lamba 14 nake sawa. Ƙirjina inci 42 ne, ƙugu 36, mazaunai 45. In ce ta sayo 14 ɗin?"

Malama, kar ki soma. Lambar kanti daban, lambar fatan daban, ba su ma san juna ba. A jadawalin awon da kamfanonin Amurka irin su Butterick da McCall's da Vogue da Simplicity suke bi, lamba 14 ta mai ƙirji inci 36 ce. Lamba 16 inci 38, lamba 18 inci 40, lamba 20 inci 42. Da kin ce a sayo 14 kika yanka a kanta, da ko maɓalli ɗaya ba zai haɗu ba.

Yanzu za ki ce to shi ke nan, 20 ke nan. Nan ma dakata, don a nan ne na taɓa faɗawa rami. Kwat ɗin da na fara ɗinka wa kaina da awon ƙirji na zaɓi lambarsa. Ƙirji ya zauna daram, amma kafaɗa ta zubo har kan damtse, wuya ya yi hamma, baya ya yi buhu. Duk wanda ya gan ni sai ya ɗauka na ari na maigida. Dalili kuwa shi ne waɗannan kamfanoni suna zana fatan ɗinsu ne a kan macen da cikar ƙirjinta ta ɗara saman ƙirjinta da inci 2 kacal. Idan kin fi haka cika, kika bi awon ƙirji, to kin sayi kafaɗar macen da ta fi ki ƙashi. Shi kuwa kwat a kafaɗa yake rataye. Gefe ana iya ragewa ko a ƙara cikin minti goma, amma gyaran kafaɗa sai kin taɓa kwala, kin taɓa hammata, kin taɓa kan hannu.

Saboda haka ki sake ɗaukar tef. Ki zagaya shi ta ƙarƙashin hammata, ya bi ta saman ƙirji, can sama da inda ya fi cika. A ce kin samu 38. Ki ƙara 2, ya zama 40, lambarki 18 ke nan. Sauran inci 2 da ƙirjinki ke bin ki bashi, a takardar gaba kaɗai za ki biya shi, inci 1 a kowane ɓari. Ana tsaga takardar daga ƙasa zuwa tsinin ƙirji, a karkata zuwa hammata, a sake tsagawa daga gefe zuwa tsinin, sannan a buɗa tsagar tsaye da inci 1 a liƙa wata takarda a ƙarƙashi. Za ki ga dat ɗin gefe, wato ninkin nan mai tsini da ake ɗinkewa don riga ta bi tudun ƙirji, ya ƙara baki, tsakiyar gaba kuma tana neman a ɗan ƙara mata tsawo don ta daidaita. Daga ƙugu zuwa ƙasa sai ki ja layi a hankali ki fita daga 18 ki shiga tsakanin 20 da 22, tunda a jadawalin 20 na da mazaunai 44, ita kuwa 22 na da 46. Wannan ne amfanin lambobi da yawa a takarda guda. Amma ki gaya wa ƙanwarki ta duba bakin ambulan da kyau, don yawanci ana raba salo gida biyu, ƙananan lambobi a ambulan ɗaya, manya a ɗaya. Ta ɗauko wanda ya ƙunshi 18 har 22.

Akwai kuma tsayi. An zana su ne don mace mai ƙafa 5 da inci 5 zuwa 6. In kin gaza haka ko kin wuce, ki nemi layuka biyu da ke kwance kusa da juna a jikin takardar, a nan ake naɗewa ko a tsaga a ƙara. Kar ki datse daga ƙasa kawai, aljihu da maɓalli za su sauka inda bai kamata ba.

Duk wannan lissafin takarda ne. Mai yanke hukunci shi ne akoko. Ki sayi yadi uku na akoko ko wani yadi mai araha da ya yi kusa da nauyin na gaskiyar, ki yanka gaba da baya da hannuwa da kwala, ba shafi, ba aljihu, ki harhaɗa da dogon ɗinki. In salon na da soson kafaɗa ki sa shi a ciki, don yana ɗaga rigar gaba ɗaya. Ki saka a kan irin doguwar rigar da za ki riƙa sawa a ƙarƙashi, ba a kan shimi ba. Sannan ki ɗaga hannu kamar za ki yi rubutu a allo, tunda aikinki ke nan. Inda kika ga yadi ya ja a kwance, wurin ya matse. Inda ya yi ninki a tsaye, ya yi yawa. Ki zana gyaran da biro a jikin akokon, ki mayar da shi kan takarda. Ebenezer Butterick, telan da ya fara sayar da fatan mai lambobi daban-daban a Amurka a 1863, sauƙi ya nema wa masu ɗinki a gida, amma bai taɓa auna ki ba.

Daga Maraɗi wata ta ce: "Yaya, na samu tsohuwar mujallar Burda a wurin wata 'yar'uwa, akwai kwat mai kyau a ciki. Na kuma ga ana sayar da fatan ta intanet a buga a firinta. Wanne ya fi mini?"

Ƙanwata, tunda ke da santimita kika saba, Burda za ta yi miki daɗi. Ta Jamus ce, awonta duk a santimita yake: lamba 40 ƙirji 92, lamba 42 ƙirji 96, lamba 44 ƙirji 100, an kuma zana ta a kan tsayin santimita 168. Ni a ganina yankan kafaɗarta da hammatarta ya fi na Amurkawa kama jiki. Sai dai tana da tarko biyu. Na farko, babbar takardar da ke tsakiyar mujallar ba a yanka ta, don salo da yawa ne aka ɗora kan juna, layuka sun sarƙe kamar taswirar gari. Takarda mai shara-shara za ki ɗora a kai ki kwafi naki, kina bin kala da lambar da aka ba ki. Na biyu shi ne wanda ya fi cin mutane: fatan ɗin cikin mujallar ba shi da rarar ɗinki. Layin da kika gani, nan allura za ta bi. Ke za ki ƙara santimita 1.5 a gefuna, kamar 4 a ƙasan riga da bakin hannu don kalmasa. Na Amurka kuwa an riga an sa musu rarar, inci 5/8, wato santimita 1.5 ɗin dai. Wadda ta manta wannan bambanci, ko dai ta ɗinka wa ƙanwarta kwat ba da niyya ba, ko ta ƙara rara a kan rara.

Na intanet ba shi da laifi, ya ma fi sauƙin samu, kuma ƙananan kamfanoni da yawa suna saka gaba iri-iri gwargwadon cikar ƙirji, abin da zai raba ki da tsage-tsagen da na bayyana wa Malama a sama. Abin lura shi ne wajen bugawa. Ki tsaya a kan mai shagon ya buga a girman ɗari bisa ɗari, kar ya bar kwamfuta ta daidaita shi da shafi. Ya fara fitar da shafin da ke da ɗan murabba'in gwaji, ki sa tef ki auna. In an rubuta santimita 10 kika samu 9 da rabi, kar ki karɓa, don wannan rabin zai zama kusan santimita 5 a zagayen ƙirji. Ki kuma zaɓi fayil ɗin A4, don takardar Amurka ta fi tamu faɗi, ta kuma fi ta gajarta. In akwai inda ake buga zanen gine-gine kusa da ke, kai musu fayil ɗin A0 su fitar miki a babban falle, ki huta da liƙa shafi talatin ko arba'in a tsakar ɗaki yara na tattakawa.

Wata amarya daga Kano ta tambaya: "Anti, ina da turmin atamfa mai tsada daga cikin lefena, ina so in yi kwat da shi. Amma bayan ambulan ɗin ulu da lilin aka rubuta. Atamfa za ta yi?"

Za ta yi, amarya, amma ba da kowane salo ba, kuma ba a kwat ɗinki na farko ba. Atamfar lefe ba abin koyo ba ce.

Abin da ya sa masu fatan suke son ulu shi ne yana jin magana. Ki ba shi tururi ya tsuke, ki ja shi ya miƙe, ki lanƙwasa shi ya zauna a haka. Kan hannun kwat kullum ya fi ramin hammata tsawo, da inci 1 har zuwa 1 da rabi, kuma so ake wannan rarar ta ɓace a ɗinki ba tare da tattara ta fito ba. Ulu yana shanye ta. Atamfa auduga ce mai saƙa a matse, ga sitaci, ba ta shanye komai. Don haka in da atamfa za ki yi, ki nemi salo marar kwala mai naɗewa, irin mai zagayayyen wuya ɗin nan da Coco Chanel ta yi suna da shi tun shekarun 1950, ko mai hannun da ya taso daga wuya. In kuwa sai lallai mai hannun sakawa, ki rage tudun kan hannun a takarda har rarar ta dawo kamar rabin inci zuwa uku bisa huɗu.

Yadi kam ba za ki rasa ba. Bayan ambulan akwai layi biyu na lissafi, ɗaya na yadi mai faɗin inci 45, ɗaya na mai 60. Atamfa a layin 45 take. Kwat mai dogon hannu da ya sauko mazaunai yakan ci yadi biyu da rabi zuwa uku a wannan faɗin, turmi kuwa shida ne, kin ga akwai sararin haɗa zane. Ki yi amfani da sararin. Ki yanka gaban dama da na hagu ɗaya bayan ɗaya, ba a ninke ba, don furen ya haɗu a inda maɓalli zai rufe. Duk sassan su kalli gefe ɗaya, kar tsuntsu ya miƙe a gaba ya yi kifi-kifi da kai a baya. Kuma don Allah ki tsaya gaban madubi da yadin kafin ki yanka, ki ga inda manyan furanni za su sauka a ƙirji. Na ga kwat ɗin da aka yi wa ɗinki mai kyau, amma da'ira biyu suka zauna inda mai shi ba ta iya fita da shi ba. Doguwar kibiyar da ke jikin kowace takarda ta bi daidai da gefen yadin, inda ake rubuta sunan kamfani, ki auna da tef a kai da gindinta. Ki wanke atamfar ki goge kafin yanka, ta gama tsukewarta tun tana falle.

In kuwa kin shiga Kantin Kwari neman yadin gwaji na farko, ni auduga mai ɗan kauri nake ba da shawara, irin kaki ko jins marar nauyi, ko lilin da aka gauraya da auduga. Ki guji karan-miski da yadi mai santsi da mai layi-layi tukuna. Idan mai shago ya rantse miki ulu ne zalla, ki roƙi ɗan ƙyalle ki kai gida ki sa masa ashana. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Auduga warin takarda take yi. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Wata ɗaliba da za ta tafi makarantar horar da lauyoyi ta ce: "Mama, baƙin kwat ake so mu riƙa sawa. Na sayi yadi mai kyau, kuɗina sun kusa ƙarewa. Zan iya sa gam ɗin takarda da shafi mai araha, tunda a ciki suke ba mai gani?"

Ɗiyata, araha ba ta ado, kuma a nan ne karin maganar ya fi gaskiya. Gam, wato abin nan da ake mannawa a bayan yadi da dutsen guga don ya tsaya, ba a ganinsa, amma shi ne ƙashin kwat. Na takarda yana sa gaba ya sandare kamar kwali, in an wanke sau biyu ya fara saki, ƙuraje su fito a ƙirjin rigar, kuma ba su da magani. Ki nemi gam na yadi, mai laushi, wanda in kin ja shi a karkace yake ɗan miƙewa. Da ki sa na takarda, gara ki rage kuɗin maɓalli. Za ki manna shi a gaba, da abin da ke juyawa cikin gaba, da kwala sama da ƙasa, da saman baya, da bakin aljihu, da siririn layi a inda za ki kalmashe ƙasa da hannu.

Mannawar ma da ƙa'idarta. Ɓangaren da ke da ƙurji-ƙurji shi ne mai gam, shi ke kallon bayan yadi. Ki ɗora ƙyalle mai ɗan damshi a kai, ki danna dutsen guga ki ƙirga goma zuwa goma sha biyar, ki ɗaga, ki matsa gaba. Ba a jan dutsen kamar ana gugar zane. Ki bar shi ya huce kafin ki motsa shi, kuma ki fara gwadawa a ƙyalle. Dutsen gawayi yana yi, nauyinsa ma taimako ne, amma zafinsa ba ya da linzami, ki yi hattara. Baƙin yadi kuwa ba ya yafiya: da dutse ya taɓa fuskarsa kai tsaye zai yi ƙyalli, ƙyallin nan kuma ya zauna ke nan. Kullum ta ciki, ko da ƙyalle a tsakani. Kowane ɗinki kika yi, ki buɗe shi ki goge kafin wani ya haye kansa. Ki samu guntun katako mai santsi ki danne wurin da shi yana da zafi, za ki ga bakin kwala ya yi kaifi kamar na kanti. Ɗan matashi mai tauri da aka cusa wa garin katako shi ake ɗora dat da kan hannu a kai, don lanƙwasarsu kar ta baje.

Shafi kuwa, zafin ƙasarmu za ki duba. Na roba mai araha yana riƙe gumi, ki wuni a aji kamar an naɗe ki a leda. In kin samu na reyon, shi ne sarki, yana da santsi yana kuma shan iska. In ba ki samu ba, ki yi rabin shafi: hannuwa da saman baya kawai, sauran gefunan ciki ki naɗe su da siririn ƙyalle da aka yanka a karkace. Ko wanne kika zaɓa, ki bar ninki kamar inci 1 a tsakiyar bayan shafin, ki kuma bar shi ya ɗan yi sako-sako a ƙasa. Shafin da ya yi daidai cif da kwat shi ke yagewa ranar da kika miƙa hannu ɗaukar littafi.

Daga Gusau: "Hajiya, kekena Butterfly ne baƙi, na ƙafa. Sai na sayi na lantarki mai zigzag kafin in iya kwat?"

A'a, 'yar'uwa, riƙe kuɗinki. Kwat miƙaƙƙen ɗinki yake so, kuma teloli sun daɗe suna fitar da kwat da irin kekenki. In mai cikakken shafi ne, ko wibin, wato ɗinkin da ke hana bakin yadi zarewa, ba ya bukata, tunda duk gefuna a rufe suke. Ki sa sabuwar allura, lamba 14 ga matsakaicin yadi, 16 ga jins. Ramin maɓalli kaɗai ne kekenki ba ya yi, shi kuwa ana kai wa masu injinsa a kasuwa. Ki je da ƙyalle mai ninki da gam irin na gaban rigar ya fara gwadawa a kai, ki sa alamar alli a kwance, ki kuma faɗa masa da baki cewa na mace ne, ramukan a gaban dama suke, dama ke hawa kan hagu. Hannunsa ya saba da kayan maza, in kika yi shiru a hagu zai huda.

Ta ƙarshe daga Kumasi take, ta ce ta gama komai lafiya, amma da ta sa hannuwan sai suka murɗe suna kallon baya, ga tattara a kafaɗa. Tana tambaya ko ta sayi wani yadi ta sake yankawa.

Kar ki sayi komai tukuna, ƙanwata, ina zargin kin musanya su ne, na dama ya tafi hagu. Hannun kwat ba ɗaya yake gaba da baya ba: bayansa ya fi tsawo, shi kansa kuma yana ɗan lanƙwasowa gaba yadda hannun mutum yake in ya sake shi. Ki koma takardar ki duba 'yan alamomin nan masu kusurwa uku a gefen kan hannun. Guda ɗaya gaba ke nan, guda biyu a jere baya ke nan, ɗigon da ke can ƙoli kuma shi ke haɗuwa da ɗinkin kafaɗa. Ki farke a hankali, ki goge, ki mayar da alamomin da alli. Sannan ki yi layi biyu na dogon ɗinki daga alamar gaba zuwa ta baya, ɗaya a kan layin ɗinki kusan, ɗaya a cikin rara, ki ja zaren ƙasa kaɗan-kaɗan har kan hannun ya yi ƙoƙo ba tare da ya tattare ba. Ki kafa da fil, ki bi da allurar hannu, ki saka a jikinki ki duba madubi. Sai kin gamsu za ki kai keke, hannun yana ƙasa ta wajen haƙoran keke don su taya ki cinye rarar. In bayan haka kafaɗar ta ɗan faɗa, ki yanko ƙyalle mai laushi a karkace, faɗin inci 2 tsawon inci 8, ki ninka shi ki ɗinka da hannu a cikin rarar kan hannun, daga alama zuwa alama, ya tallafe ta.